Nutso a Kogwannin Ruwa na Yukatan: Tambayoyi da Amsoshi

A kudu maso gabashin Meksiko akwai yankin da ake kira Yukatan, inda daji da garuruwa ke zaune a kan kogwanni cike da ruwa garai-garai, masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Hotunansu sun cika intanet: mutum a tsakiyar ruwa da tukunyar iska a baya, hasken rana na sauko masa, duwatsu na reto daga rufi. Duk wanda ya gani sai ya yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi yi.

Wai ina ne wurin, kuma ta ina ake shiga?

Yukatan zirin ƙasa ne da ya kutsa tsakanin Tekun Karibiyan da Mashigin Tekun Meksiko. Kogwannin da masu nutso suka fi zuwa suna jihar Quintana Roo, a kewayen garin Tulum da kan hanyar da ta taso daga Playa del Carmen. Daga Kankun zuwa Tulum kimanin kilomita 130 ne a mota.

Ana shiga ta wasu rijiyoyi da ba hannun mutum ne ya haƙa su ba, waɗanda ake kira senote. Rufin kogo ne ya rufta a wasu wurare, ruwan ya bayyana a fili. Wata senoten tafki ce mai faɗi da iyalai ke wanka a ciki, wata kuwa rami ne a tsakiyar daji da sai an sauka da tsani. Dubbai ne a yankin. A arewacin zirin ba ka ganin kogi na gudu a kan ƙasa, domin ruwan sama na tsotsewa cikin dutse nan take, ya bi ta ƙarƙashi ya nufi teku. Shi ya sa mutanen Maya, 'yan asalin yankin, suka kafa garuruwansu a bakin waɗannan rijiyoyi tun zamanin da.

Ta yaya duwatsu masu ado haka suka tsiro a cikin ruwa?

Ba a cikin ruwa suka tsiro ba. Ƙasar yankin kusan duk dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa don yin siminti, kuma ruwan sama na cin sa a hankali har ya buɗe hanyoyi a cikinsa. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, lokacin da ruwan duniya mai yawa ya daskare, teku ta ja baya har ta yi ƙasa da matsayinta na yau da kusan mita 120. Kogwannin suka tsiyaye, suka bushe. A lokacin ne ruwa ke ɗiga daga rufi, kowane ɗigo ya bar ɗan ma'adini, yau da gobe har tsinken dutse ya sauko daga sama, wani ya taso daga ƙasa, a wani wurin su haɗe su zama ginshiƙi. Da ƙanƙarar ta narke teku ta dawo, ruwan ƙasa ya taso tare da ita ya cika kogwannin.

Tun ranar da ruwa ya rufe su girmansu ya tsaya. Wannan ne ya sa jagorori ke da zafi a kan taɓa su. Wanda tukunyarka ta buga ya karye, ya karye ke nan.

Akwai wani labari da masu tallan yawon buɗe ido kan cakuɗa da wannan. A arewa maso yamma, wajen birnin Merida, rijiyoyin sun jeru sun yi rabin da'ira, suna bin gefen wagegen ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa a Chicxulub shekara miliyan 66 da suka wuce, dutsen da ake dangantawa da ƙarewar dabbobin dainoso. Labarin gaskiya ne, amma kogwannin Tulum ba sa cikin wannan da'irar.

Tsawonsu ya kai nawa?

Manyan biyu su ne Sac Actun da Ox Bel Ha, kuma sun daɗe suna karɓe kambun kogon ruwa mafi tsawo a duniya daga hannun juna. A watan Janairun 2018 tawagar binciken Gran Acuífero Maya ta sanar cewa mai nutso Robert Schmittner da abokan aikinsa sun gano mahaɗa tsakanin Sac Actun, mai kilomita 263, da Dos Ojos, mai sama da kilomita 80. A al'adar masu binciken kogo babba ke haɗiye sunan ƙarami, don haka duka suka zama Sac Actun mai kilomita 347. Daga baya Ox Bel Ha, da ke kudu da Tulum, ya sake wucewa gaba, ya zarce kilomita 400.

Kowace kilomita a cikin wannan lissafi mutum ne ya bi ta da jikinsa. Yana tafe yana shimfiɗa zare mai ƙulli a kowane taki, kimanin mita 3 tsakanin ƙulli da ƙulli, a dawowa yana ƙirga ƙullin, yana rubuta zurfi da alƙibla a kan allon roba.

Ni ko iyo ban iya ba. Akwai rabona?

A nutso dai babu tukuna. Sai ka koyi iyo, sannan ka yi kwas ɗin nutso na farko, wanda kan ɗauki kwana 3 zuwa 4. A tsarin PADI, wata ƙungiyar horar da masu nutso, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10, kuma takardar da za ka samu iyakarta zurfin mita 18. Kafin nan, a Gran Cenote da Dos Ojos ana ba da rigar da ke hana nutsewa da gilashin fuska, ka kwanta a saman ruwa kana kallon ƙasa. Ba ƙaramin kallo ba ne shi ma.

Ina da takardar nutso ta farko. Za a bar ni in shiga?

Za a bar ka, amma iyakarka bakin kogo. A nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Masu sana'ar sun raba abin gida biyu. Na farko nutson bakin kogo: kana ƙarƙashin dutse, amma in ka waiga kana hango hasken rana, kuma tsakaninka da inda za ka fitar da kai ka shaƙi iska bai wuce mita 60 ba. Hanyar na da faɗin da mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Akwai zaren da aka ɗaura dindindin, jagora na gaba, ku kuna biye a jere, kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu. Shi jagoran dole ya kasance cikakken mai nutson kogo, sanye da tukwane biyu da duk kayan aikinsa. Akasarin hotunan da suka ba ka sha'awa a nan aka ɗauke su, tunda hasken rana ne ke ba su kyau.

Na biyu nutson cikin kogo, inda hasken rana ya ƙare, hanya ta rarrabu, mutum ya yi tafiyar awa guda ko fiye nesa da mafita. Wannan sai da horo na musamman, mataki bayan mataki, daga ƙungiyoyi irin su NSS-CDS, TDI, IANTD ko GUE. Takardar teku, ko da ta malamin nutso ce, ba ta da aiki a nan.

Ruwan garai-garai ne, babu igiyar ruwa, babu mugun kifi. To ina haɗarin?

Kyan ruwan shi ne babban haɗarin.

A teku, in abu ya ɓaci akwai mafita guda da kowa ya sani, wato sama. A kogo samanka dutse ne. In iskarka ta yi ƙasa, ko abin shaƙarka ya lalace, ko tsoro ya kama ka, babu fita sai ta inda ka shigo, kuma duk tazarar da ka ci a shiga sai ka biya ta a fita.

Sai laka. A ƙasan kogo akwai laka mai laushi da ta kwanta shekaru aru-aru ba abin da ya motsa ta. Bugun ƙafa ɗaya na wanda bai iya ba ya isa ya tayar da ita, ruwan da kake hangen nesa a cikinsa ya koma kamar an dama fura, ka ɗora hannunka a kan gilashin fuskarka ba ka gan shi ba. Fitila ba ta taimako, hasken ma dawo maka yake. Ruwan ba ya gudu da ƙarfin da zai share wurin, don haka lakar kan daɗe kafin ta kwanta, iskarka kuwa ba ta jira. Ko kumfar numfashinka in ta bugi rufi takan kakkaɓo ɓurɓushi.

Sannan kogon ba hanya ɗaya ba ce. Rassa ne birjik, kuma yadda wuri yake a idonka lokacin shiga ba haka yake ba in ka juyo. Mutum zai rantse ta nan ya biyo, alhali ramin da ke kusa da shi ne.

Wanda ya tarar da ruwa baƙi ƙirin zai ji tsoro ya tsaya a baki, tsoron nan ya cece shi. Ruwan Yukatan ba ya ba da tsoro. Jan mutum yake: bari in leƙa bayan wancan ginshiƙin, bari in ƙara kaɗan, ai ga hanya nan a fili. A ganina duk wanda zai je ya kamata ya san wannan fiye da sunan kowace na'ura.

Waɗanne dokoki masu nutson kogo ke bi?

Tushensu aikin wani Ba'amurke ne daga Florida, Sheck Exley. A ƙarshen shekarun 1970 ya zauna ya bi rahotannin waɗanda suka mutu a kogwannin ruwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga kura-kurai 'yan kaɗan ne ke ta maimaituwa. Daga nan aka fitar da dokoki biyar da har yau ake koyarwa.

Kada ka wuce iyakar horonka. Ka kasance da zare wanda bai yanke ba tun daga inda kake har zuwa buɗaɗɗen ruwa. Zaren nan shi ne rai: in gani ya ɗauke, ka sa shi tsakanin babban yatsa da manuni ka bi shi, kana lalubar 'yan kibiyoyin roba da aka maƙala masa, waɗanda bakinsu ke nuna mafita. Ba a jan sa, ba a rataya da shi, ba a ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Ka raba iskarka kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. In ka fara da ma'auni a kan 210, da ya sauko 140 sai juyawa, ko da abin da ka zo gani yana gabanka. Kason ƙarshen ba naka ba ne kai kaɗai, na abokin tafiyarka ne in tasa ta ƙare a can ƙurya.

Sai zurfi: kada ka wuce abin da iskar da ke tukunyarka ta dace da shi. Sai fitilu uku ga kowane mutum, babba ɗaya da ƙanana biyu, kuma in ɗaya ta mutu tafiya ta ƙare.

Akwai wata ƙa'ida da ba ta cikin biyar ɗin amma kowa na riƙe da ita: kowa na iya ɗaga babban yatsa sama a kowane lokaci, bisa kowane dalili, kuma kowa ya juya ba tare da tambaya ko gori ba.

Shi kansa Exley ya rasu ranar 6 ga Afrilun 1994 a ramin Zacatón da ke jihar Tamaulipas ta Meksiko, yana neman kai zurfin mita 300. Yana da shekara 45.

Ai in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Mene ne na wannan tsantseni?

Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin da binciken Exley ya nuna shi ne mace-macen kogo ba daga sama suke faɗowa ba, kusan kowanne akwai dokar da aka karya kafinsa.

A watan Afrilun 2012, a senoten Chac Mool, jagora da baƙi biyu 'yan Brazil sun rasu bayan sun bar zaren bakin kogo sun bi wanda ya nufi cikin kogo, iskarsu ta ƙare kafin su samu mafita. Wuri ne da ake kai masu sabuwar takarda kullum, kuma suna tare da jagora. Don haka ko da jagora a gabanka, idonka ya kasance a kan zaren, kuma in ka daina ganin hasken rana ka ɗaga yatsa.

A iyakar bakin kogo za ka tarar da allon gargaɗi a cikin ruwa. A wani wurin alamar tsayawa ce, a wani wurin hoton ƙwarangwal ne cikin baƙar alkyabba riƙe da lauje. Wasu baƙi kan tsaya su ɗauki hoto da shi suna dariya. A ɗauki hoton, ba laifi, amma daga wannan gefen.

Oksijin ne a cikin tukunyar? Kuma tana kai awa nawa?

Ba oksijin zalla ba ne. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka danna, ko kuma wadda aka ɗan ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin ɗari. Oksijin zalla guba ne in an wuce 'yan mitoci kaɗan, yana iya jawo farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa.

Daɗewarta ya danganta da zurfi da kuma natsuwar mai shaƙa. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 kana shan ninki biyu na abin da kake sha a sama, a mita 30 ninki huɗu. Tukunyar da aka saba bayarwa mai lita 11 ce, kuma a wuri marar zurfi irin Dos Ojos, inda da wuya a wuce mita 10, zagaye ɗaya kan ɗauki kimanin minti 45.

Doka ta farko da ake koya wa kowa: kada ka riƙe numfashi kana tasowa. Iskar da ke huhunka kumbura take yayin da matsi ke raguwa, tana iya fasa shi.

Da sanyi?

Ruwan na tsaye a kan digiri 24 zuwa 25 duk shekara. A baki za ka ji daɗinsa, amma bayan minti 40 jiki zai fara kaɗawa, musamman ga wanda ya saba da zafi. A nemi rigar roba mai dogon hannu da ƙafa, kauri milimita 5 in akwai.

Na ga bidiyon wani kogi a ƙarƙashin ruwa, har da bishiyoyi. Haɗi ne?

Ba haɗi ba ne, amma kuma ba kogi ba ne. Senoten Angelita ce, kudu da Tulum, rami mai zurfin kusan mita 60. Ganyaye da rassan da ke faɗawa ciki suna ruɓewa a ƙasa, su fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A wajen mita 30 takan taru ta yi shimfiɗa mai kauri, fara-fara, rassan matattun bishiyoyi na leƙowa daga cikinta. In ka ratsa ta ƙasa duhu ne sosai, kuma warin kan bi ka har bayan ka fito.

Abin da ke riƙe ta a wannan zurfin shi ne wani abin mamakin. Ruwa biyu ne a kogwannin nan: ruwan daɗi na sama, ruwan gishiri da ya kutso daga teku na ƙasa saboda ya fi nauyi. In ba a motsa su ba, mahaɗarsu tana nan sarai, har ka ɗauka saman ruwa ka iso. Da mutum ya ratsa ta sai su gauraye, gani ya yi dishi-dishi, na gabanka ya zama inuwa. Shi ya sa in an zo nan ba a bin bayan juna kai-tsaye, kowa kan ɗan kauce gefe. Kusa da teku mahaɗar ba ta da zurfi, tana ƙara nisa in ana shiga cikin ƙasa. A Tajma Ha da Chac Mool mai takardar farko ma zai gan ta.

Akwai kada ko maciji?

Ana samun kada jefi-jefi a wasu buɗaɗɗun senote, irin Casa Cenote da Carwash, amma a saman ruwa yake, ba ya shiga duhu. A ba shi wuri kawai.

Mazauna ciki ƙanana ne, farare, makafi: wani kifi marar ido, wani mai siffar gwando shi ma makaho, da 'yan jatan lande da kana ganin cikinsu ta fatarsu. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ƙafafu da yawa da ke iyo a rigingine a ruwan gishirin, wanda a 2013 masana suka tabbatar yana da dafi, na farko da aka sani a danginsu ƙaguwa. Ba ya cutar mutum. Mu ne ma ke cutar su: ƙananan kifayen bakin rijiya sun koyi bin hasken fitilar masu nutso zuwa ciki, su cinye makafin da ba su san gudu ba. Masu lura kan rufe fitila da hannu in za su shiga.

Gaskiya ne an samu ƙasusuwan mutane a ciki?

Gaskiya ne, kuma ba na waɗanda suka nutse jiya ba. A 2007 masu nutso uku, Alejandro Álvarez, Alberto Nava da Franco Attolini, suna bin wata hanya a cikin Sac Actun sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsu, suka samu kansu a kan wani rami baƙi mai faɗi, suka sa masa suna Hoyo Negro. A ƙasansa akwai ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, da dangin giwa da wata damisa mai dogayen fiƙoƙi, sannan ga ƙwarangwal na wata yarinya 'yar shekara 15 zuwa 16, wadda suka kira Naia. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna ta rayu shekara 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce, lokacin da kogon ke bushe. Ƙashin ƙugunta a karye yake, kuma ana kyautata zaton ruwa ta shiga nema cikin duhu ta faɗa. Tana cikin tsofaffin ƙwarangwal mafi cika da aka taɓa samu a nahiyar Amurka.

A 2020 kuma aka wallafa labarin wani kogon da mutanen wancan zamani suka riƙa haƙar jar ƙasa a cikinsa tsakanin shekara 12,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Ramukan haƙarsu na nan, da gawayin wutar da suka hura don gani, da tsinkayen dutsen da suka karya suka mayar guduma, da tarin duwatsun da suka jera don kada su ɓata. Su ma sun san sai da alamar hanya.

Irin waɗannan wurare na ƙarƙashin INAH, hukumar kula da kayan tarihi ta Meksiko, ba a kai baƙi, kuma ɗaukar ko ɗan tsinke laifi ne.

Ba wuraren tsafi ba ne?

Ga mutanen Maya na da, senote ƙofa ce ta duniyar ƙarƙashin ƙasa kuma mazaunin Chaac, abin bautarsu na ruwan sama. A Chichén Itzá akwai wata babba da suka riƙa jefa hadaya a ciki. Edward Thompson ya fara yashe ta a 1904, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane. Ba a nutso a cikinta. Waɗanda ake nutso a cikinsu yau wuraren kasuwanci ne da ƙofa da tikiti, da yawansu a hannun al'ummomin ƙauyukan da suka mallaki ƙasar. Dos Ojos, alal misali, tana filin al'ummar Jacinto Pat, kuma su ke karɓar kuɗin shiga.

Irin kogon nan ne na Tailan da yara suka maƙale?

A'a. Tham Luang busasshen kogo ne da ruwan damina ya cika ba zato, bayan yara 12 da kocinsu sun shiga da ƙafa ranar 23 ga Yunin 2018. Ruwansa ja ne mai gudu, ba a ganin komai. Abin da ya haɗa su shi ne sana'ar: waɗanda suka gano yaran ranar 2 ga Yuli, Rick Stanton da John Volanthen na Birtaniya, masu nutson kogo ne, kuma zare suka shimfiɗa suka bi. An gama fito da kowa ranar 10 ga Yuli, amma wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya rasa ransa a aikin.

Wane ne bai kamata ya yi nutso ba?

Mai farfaɗiya, mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko huhu da likita bai sahale masa ba, da mai asma da ba ta lafa ba. Mai mura ma ya haƙura har ta wuce, domin in hanci ya toshe kunne ba ya daidaita da matsi.

Abin da ya fi shafarmu shi ne sikila. Likitocin nutso ba sa barin mai SS ya yi, saboda sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon, kuma zafin gaɓoɓinsa na kama da na ciwon nutso har a kasa bambancewa. Mai AS ya ga likitan da ya san harkar kafin ya biya kuɗin kwas. Kada a ɓoye a takardar lafiya don kunya.

Ciwon nutson kuwa daga iskar naitirojin yake, wadda ke narkewa cikin jini a zurfi. In aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi. Maganinsa ɗakin matsi, inda ake rufe mutum a ƙara masa matsin iska kamar yana ƙarƙashin ruwa, kuma akwai shi a Playa del Carmen da tsibirin Cozumel. Saboda shi ne ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Mafi yawan masu hankali kan cika kwana guda.

Da azumi fa?

Hukuncin na malamai ne. Ta fuskar jiki kuwa, iskar tukunya busasshiya ce, tana ƙara ƙishirwa, kuma ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon nutso. A tsara tafiyar a wani watan.

Ni mace ce. Akwai suturar da ta dace?

Rigar robar na rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma hular roba mai rufe kai da wuya wadda maza da mata ke sawa don sanyi. Matsalarta kama jiki. Wasu kan ɗora doguwar riga marar nauyi har zuwa bakin ruwa, amma kada ki shiga da mayafi ko wani abu mai reto da zai iya sarƙe zare. Akwai jagorori mata da yawa a Tulum da Playa del Carmen, ki nemi ɗaya tun kafin ki iso.

Da wacce zan fara?

Dos Ojos. Ba ta da zurfi, hanyoyinta biyu ne masu faɗi, ɗaya na bi ta wani ɗaki mai iska a sama inda ake fitar da kai a ga jemagu. Aibinta cunkoso, don haka a je da sassafe. In jagora ya ga kana iya tsayar da jikinka a ruwa ba ka taɓa ƙasa ba ka taɓa rufi, sai Tajma Ha ko Chac Mool. Dreamgate ta fi su ado, amma duwatsunta sirara ne, kuma ni da za a bi tawa ba za a kai sabon hannu can ba.

El Pit da Angelita na masu takarda ta gaba ne, domin ana kai mita 30 ko fiye, inda naitirojin ke fara sa maye. El Pit rami ne da zurfinsa ya kai mita 119 a can ƙurya, kuma in rana ta take tsaka haskenta kan sauka cikinsa a miƙe har ya dusashe a kan shimfiɗar farar iskar nan.

Yaushe ya fi, kuma yaya maganar biza?

Ana nutso duk shekara, tunda ruwan ba ya canzawa. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne a Karibiyan, daga Disamba zuwa Afrilu kuwa baƙi sun fi yawa, komai ya fi tsada. Ban da filin jirgin Kankun, an buɗe na Tulum a Disamban 2023. Meksiko na da ofishin jakadanci a Abuja, kuma ta saba ɗauke wa mai ingantacciyar bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko Schengen neman tata. Dokokin shige da fice kan sauya, don haka a tabbatar a ofishin kafin a sayi tikiti.

Ta yaya zan gane jagoran kirki?

Ka ce ya nuna maka takardarsa ta nutson kogo, ba ta teku kaɗai ba. Ka duba ko tukwane biyu ya ɗauka, da dogon tiyo na raba iska, da kwarkwaron zare. Jagoran kirki zai tambaye ka yaushe rabonka da nutso, ya ɓata lokaci yana maka bayanin zare da alamun fitila, ya gwada ka a buɗaɗɗen ruwa kafin ku shiga. Wanda ya ce zai ɗan wuce da kai bayan allo don ka burge shi, ko don ka ƙara masa wani abu, ka karɓi kayanka ka nemi wani.

An ce jirgin ƙasa ya lalata kogwannin. Haka ne?

Ya taɓa wasu, kuma ba taɓawa kaɗan ba. Tren Maya, layin dogo mai kimanin kilomita 1,500 da gwamnatin tsohon shugaban Meksiko López Obrador ta gina ta fara buɗewa a Disamban 2023, ya ratsa tsakanin Kankun da Tulum. Da farko an tsara ya bi gefen babbar hanya, daga baya aka mayar da shi cikin daji, daidai kan kogwannin. Aka ɗora shi a kan gada, aka kafa dubban turakun ƙarfe da kankare da suka huda rufin kogwanni. Masu nutso sun ɗauko hotunan siminti da ya zuba da tsatsa a cikin ruwan, an kuma sha zuwa kotu.

Amma tun kafin jirgin akwai matsalar da ta fi shi daɗewa. Tulum da Playa del Carmen sun girma da sauri fiye da magudanansu, kuma a ƙasar da dutsenta ke tsotse komai, abin da aka zuba a masai ko juji yana isa ruwan da garin ke sha, daga nan ya fita teku ya samu murjani. Abin da ake roƙon baƙo kaɗan ne: ya yi wanka a famfon da ke bakin senote kafin ya shiga, kada ya shafa man kare rana ko maganin sauro, ko da an rubuta a kwalbar cewa ba ya cutar da muhalli.